Gorar da Na Shanya a Bakin Murhu

A Agadas na fara cin abinci da kalmar "na iya". Wani mai gini ya zo tasha neman magina, na ɗaga hannu, alhali ban taɓa ɗora bulo a kan bulo ba. Katangar da na tayar ta karkace, ya kore ni kafin azahar. A Sabaha ta ƙasar Libiya na ce na iya gyaran janareta, na ƙone wa mutum kayansa, na sha bulala da wayar wuta, tabon yana nan a kafaɗata. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya ɗora wa hanya laifin duk abin da ya same ni. Hanya muguwa ce, amma ni ma na taya ta. Halina shi ne ba na tambaya. In na ga abu, sai in yanke hukunci ni kaɗai in sa hannu. Allah ya yafe mini.

Sunana Sanusi, mutumin Kamarawa ta ƙasar Isa. Da masu bindiga suka riƙe daji, gona ta gagare mu, mutanen gidanmu suka raɓe wurin dangi a cikin garin Isa, ni kuma na bi arewa. Abu ɗaya mai daraja na ɗauko daga gida, sarewar Kawu Jaɓɓi, ƙanen mahaifiyata, makiyayi a wajen Turba. Shi ya koya mini yankan kara da huda shi da jan ƙarfe tun ina bin sa kiwo. A bakin tekun Libiya masu kwalekwalen roba suka ce kowa ya zubar da kayansa. Na ɓoye ta a ƙafar wando, ɗayansu ya laluba ya zaro ta, ya karya a gwiwarsa yana dariya.

Tekun ba za ni ba da labarinsa ba. A Italiya na tsinki tumatir a ƙarƙashin wani ɗan ƙasarmu da ke kirana ɗan'uwa da safe, ya cinye ladana da yamma. A Faransa na zauna ƙarƙashin gada har wata tirela ta shiga jirgin ruwa da ni a cikinta. Da aka buɗe ƙofa aka ce mini nan ƙasar Ayalan ce. Na yi zaman tanti a bakin wani rafi a Dabilin, babban birninsu, ruwan sama yana bi ta ƙarƙashina, kafin a kwashe mu zuwa wani tsohon otal a ƙaramin gari can yamma, inda ake cusa mu ɗaki ɗaya kamar buhunan gero. Duk lokacin da na samu na kira gida, yayana Garba yakan ce kowa lafiya lau. In na tambayi Kawu Jaɓɓi sai ya ce, "Shina daji da shanu, babu sabis can."

A garin nan na haɗu da Lamidi. Ina tsaye a bakin kanti sai na ji Hausa a bayana.

"Kai! Wa ya saki bawana ƙasar Turawa?"

Na juya, sai ga wani ƙaton Bayarabe yana nuna tsagar Gobirci da ke kumatuna. A Shinkafi aka haife shi, ubansa na sayar da kayan babur, shi kuma yana aiki a mayankar shanu ta garin.

Na ce, "Bayarabe, ashe ko Turai ba ta raba ka da warin manja ba?"

Ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara. Ranar na ci tuwo da miya a gidansa, na yi kuka a kan kwano, ya ce yaji ne, Bagobiri bai san miyar ƙwarai ba.

A kasuwar Asabar na ga Baba Fintan, wani dogon tsoho da sarewu a jere kan tebur. Na gane gora ce, irin wadda makiyayanmu ke yin sanda da ita. Na ɗauki ɗaya na kafa baki a tsininta kamar yadda muke yi a gida, sai na tarar a toshe take. Tsohon ya yi dariya ya karɓa, ya kwantar da ita a gicciye, ya hura ta wata ƙofa a gefe. Muryar da ta fito ta tuna mini da sarewar Kawu Jaɓɓi. Da guntun Turancina na makaranta na gaya masa muna da irinta, tamu ƙofa huɗu gare ta. Ya ce tasu shida. Ya tambaye ni ko na san yadda ake yi.

Na ce, "Na iya."

Wannan karon rabin gaskiya na faɗa.

Da takardar izinin aikina ta fito ya ɗauke ni, ya kuma ba ni ɗakin da ke saman shagonsa. Ɗaki ne ƙarami, amma ƙofarsa tawa ce. Tun da na bar Isa ban taɓa rufe ƙofa a kaina ba. 'Yarsa Nora, ma'aikaciyar jinya, ba ta so ba. A gabana ta ce wa ubanta bai san ni ba, bai san inda na fito ba. Lokacin nan kuma ana maganar za a rufe otal a mayar da mutanensa sansanin tantuna. Na san in na rasa wannan ɗaki, can za ni koma.

Baba Fintan ya gaya mini asalin sarewarsu da wani baƙin itace ake yin ta, wanda ake kawowa daga Afirka. "Daga wurinku," ya ce, "amma ya yi tsada, yaran da ke koyo ba za su iya saye ba." Shi ya sa ya koma gora. Daga ƙasashen gabas ake kawo masa ita, ya jera a wata rumfa a bayan shago, ta shekara da shekaru kafin ya taɓa ta. Ba kowace ke yi ba, sai mai doguwar gaɓa da ciki madaidaici. Yakan bar gaɓa ɗaya a kai ta zama toshi, ya huda ƙofofi ƙanana, ya riƙa faɗaɗa su da zarto kaɗan-kaɗan, yana hurawa yana saurare. Aikina goge ciki da samfefa da shafa mai. A cikin rumfar kuma yake ajiye tasa sarewar, wadda ta yi duhu kamar tsohuwar zuma. Ita ce gorar farko da ya huda, shi da wansa Kolum tun suna samari, Kolum na gogewa, shi yana busa.

Rumfar nan sanyi gare ta kamar randa. A cikin shago akwai murhun ƙarfe da ake hura wa wata busasshiyar baƙar laka, amma ko da wasa Baba Fintan bai taɓa kai wuta rumfa ba. Ban tambaye shi dalili ba. A raina na ce rowa ce irin ta tsofaffi.

Da sanyi ya shigo, aka kira shi cewa Kolum na asibiti a birni, jiki ya yi tsanani. Nora ta zo ta ɗauke shi a gaggauce. Ya miƙa mini makulli ya ce, "Ka goge waɗanda ke kan tebur. Shi ke nan."

Bayan tafiyarsu aka yi ruwa da iska kamar sama za ta faɗo. Da na leƙa rumfa sai na ga kwano ɗaya ya ɗage, ruwa na ɗiga, wasu gororin sun fara baƙin fumfuna. A wurinmu in damina ta jiƙa abu, gero ne ko fata ko karan sarewa, rana ake kai shi, in babu rana a kai shi bakin wuta. Kawu Jaɓɓi kansa a saman murhu yake soke sarewarsa. Na ce yau za ni nuna wa Nora ko ni wane ne. Na kwashe gorar rumfa kaf, har da sarewar tsohon, na jingina su kewaye da murhu, na cika shi da laka har ƙarfen ya yi ja. Na rufe ƙofa da taga don kada zafi ya fita. Na kwana biyu ina ƙara wuta, ina jin daɗin kaina.

Ina sallar la'asar a sama na ji ƙas! Ban san lokacin da na kwanta rub da ciki ba, don ƙarar irin ta harbin da na sani ce daga Kamarawa. Sai wata, sai wata. Na rarrafo ƙasa. Gororin ne ke tsagewa a gabana, daga gaɓa zuwa gaɓa. Na fara janye su ina ƙona hannu, amma har waɗanda na fitar suna ci gaba da fashewa a ƙasa. Daga baya na fahimci gorar da ta shekara tana shan laimar ƙasar nan ba ta ɗaukar zafi da bushewa farat ɗaya, bayanta yakan tsuke kafin cikinta. Sanyin rumfa shi ne aikin. Da na ɗago sarewar Baba Fintan, tsaga ta kama daga kusa da ƙofar baki ta gangaro har ƙofar yatsa ta biyu. Na hura, iska kawai ta fito.

Ina riƙe da ita wayata ta yi ƙara. Shi ne.

"Sanusi, yaya shago?"

"Lafiya lau, Baba. Yaya mai jiki?"

Ya ce sai addu'a. Nora ta karɓi wayar ta ce ta ji an yi ɓarnar iska a garin, ko wani abu ya lalace?

Na ce, "Babu komai."

A wurinmu ba a kai wa mai jinya mummunan labari. Rumbunmu ya taɓa ƙonewa mahaifina na kwance a asibiti a Sabon Birni, ba wanda ya gaya masa sai da ya dawo gida ya ci abinci ya sha ruwa. Da wannan na lallashi kaina. Amma Allah ya sani, tsoron tanti ne ya ɓuya a bayan ladabi.

Na kira Lamidi. Ya zo da rigar aikinsa, ya tsaya a ƙofa yana kallon tsagaggun gorori.

"Innalillahi. Bawana, mi kag gasa? Rake ka zata?"

Na ce masa za ni hau bas in yi arewa kafin su dawo.

"Gudu kuma? Ka gudo Isa, ka gudo Libiya, ka gudo Faransa. Bayan ƙasar ga sai teku, kifi za ka zama? Ɗauki waya ka gaya wa tsohon ga gaskiya. Mutanen nan sun fi yafe ɓarna bisa ga ɓoyo."

"Wansa na mutuwa, Lamidi."

"To shi za ka fake da shi?"

Ban kira ba. Wannan ma laifina ne, kuma da gangan na yi shi. Ina zaune ina juya sarewar a hannu sai na tuna sandar Kawu. In sandar gora ta tsage, makiyayi ba ya yar da ita. Yakan samo fatar wutsiyar sa ɗanya, wadda aka zare ba a tsaga ba, ya zura wa sandar kamar safa. In ta bushe sai ta ƙanƙance ta damƙe gorar, ko guduma ba ta raba su.

Na ce, "Ina son fatar wutsiya. A zare ta, kada a tsaga."

"Bagobiri ya ƙone dukiyar mutane, yanzu kuma miya yake so."

Amma washegari ya kawo, a naɗe cikin leda. Na kankare gashin, na goge fatar har ta yi laushi, na yanka ta zobe-zobe. Na narka kakin zuma na cike tsagar, na zura zobban tsakanin ƙofofi da saman ƙofar baki. Sai na ci karo da abin da ban lissafa ba. A Turba rana ɗaya ta isa fata ta bushe. A nan babu rana, wuta kuma na ga abin da take yi. Na rasa dabara, sai na cusa sarewar cikin rigata a jikin fatata, na ɗaure da ɗankwali. Da ita nake aiki, da ita nake kwana, tana wari ina wari. Sannu a hankali zobban suka yi tauri, bakin tsagar ya haɗe.

Ban gama samun natsuwa ba Nora ta kira. Kolum ya rasu, kuma ya bar wasiyya ƙanensa ya busa masa waccan sarewa a bakin kabari. Suna hanya su ɗauke ta.

Na tattara tsagaggun gororin na jera a tsakiyar shago, don na gaji da ɓoyo. Da motarsu ta tsaya, na durƙusa a gefen ƙofa na sunkuyar da kai, yadda ake yi a gaban babba in an yi laifi. Na ji takun tsohon ya tsaya. Nora ce ta fara magana.

"Na tambaye ka da bakina. Ka ce babu komai."

Na ƙara sunkuyar da kai.

"Dube shi, Baba. Ko ido ba ya iya haɗawa da kai. Na gaya maka."

Sai a lokacin na gane durƙuson da nake yi don girmamawa, su alamar maƙaryaci suke gani.

Baba Fintan ya ce, "Tashi tsaye. Dube ni."

Ban taɓa kallon ƙwayar idon mahaifina ba har ya bar duniya. Na tsallake Sahara, na tsallake teku, amma ɗaga idon nan ya fi mini wuya. Na ɗaga. Idanunsa jajaye ne, ya kwana biyu bai yi barci ba. Na gaya masa komai, har da cewa na zaci rowa ce ta hana shi ɗumama rumfa, har da bas ɗin da na so hawa. Sannan na zaro sarewar daga rigata na miƙa masa da hannu biyu.

Ya juya ta yana taɓa zobban. "Mene ne wannan?"

"Wutsiyar sa, Baba."

Nora ta toshe hanci. Shi kuwa ya kai ta baki ya hura muryar ƙasa, wadda ake rufe ƙofofi duka. Ta fito. Da ɗan dishi, amma ta fito. Ya sa ta a aljihun kwat ya fita.

Na hau sama na ɗaure kayana a jaka.

Ranar jana'iza Lamidi ya kai ni, muka tsaya a bayan katangar maƙabarta. Ana saukar da akwati aka fara yayyafi. Na san abin da jiƙa ke yi wa ɗanyar fata: saki take yi. Na kama hannun Lamidi.

"Za ta buɗe."

"Yi shiru ka yi addu'a, kai da ka iya komai."

Tsohon ya cire hula, ya ɗaga sarewar. Waƙa ce mai tafiya a hankali, kamar kiran shanu da maraice. Ina kallon ruwa na sauka a kan yatsunsa da zobban. Tun daga tsakiya na ji dishin na ƙaruwa. Ya matse ta ya ci gaba. Da ya zo muryar ƙarshe, rabinta ta fito, saura iska ce kawai. Ya riƙe iskar nan har numfashinsa ya ƙare. Ba wanda ya motsa.

Sai bayan an gama zaman makoki ya zo shago. Ya tarar da ni zaune kan jakata. Ya ajiye sarewar a tebur, zobban sun yi sako-sako, tsagar ta sake buɗe baki.

Ya ce, "Fatarku ba ta san ruwanmu ba. Da ka kira ni, da na ce ka shafe ta da mai hana ruwa." Ya dubi tulin gorar. "Wannan kuwa aikin shekaru ne, ba ya dawowa. Nora ta ce in karɓi makulli."

Na zaro shi na ajiye a gabansa. Bai taɓa ba.

"Gorar ba ita ta fi yi mini ciwo ba. Ina zaune kusa da ɗan'uwana ina jin sanyi a raina cewa a gida komai lafiya. Ka bar ni ina dogara da abin da babu." Ya tura mini makullin da yatsa. "Ga sharaɗina. Kullum na shigo, mummunan labari za ka fara ba ni. Kana kallona. In babu, ka ce babu. Yanzu tashi ka ware mini guntayen da ba su tsage ba, ko ƙananan sarewu sa fita. Ka kuma gaya wa abokinka ina son wata wutsiyar."

Na ce, "To, Baba." Na kusa durƙusawa, na tuna, na tsaya.

Da ya tafi na kwance jakata. Maganarsa ta ƙi barina, ta abin da mutum ke dogara da shi alhali babu. Na ɗauki waya na kira Isa. Garba ya ɗauka da murna, ya fara jero mini lafiya lau, Inna lafiya, yara lafiya.

Na ce, "Yaya, don girman Allah, fara mini da wanda ba ka son faɗi."

Ina jin kukan awaki da ƙarar babur a bayansa.

"Wa ya gaya maka?"

"Ba kowa. Ina Kawu Jaɓɓi?"

"Sanusi, ka yi haƙuri. Ya rasu tun kana Libiya. An kore mishi shanu, bai ƙara lafiya ba. Inna ta ce kada a faɗa maka kana hanya, sai ka samu wurin zama."

Na dubi ƙofar ɗakina, da makullin a hannuna.

Na ce, "Na samu, Yaya. Faɗa mini sauran."